Dogon Wuyan Consuelo: Amsa Kan Zanen da Boldini Ya Yi a 1906

Tambaya: Malam, na ga hoton wani zane da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York, na wata mata sanye da baƙar riga tana zaune, wani yaro ya jingina da ita. An rubuta cewa Consuelo Vanderbilt ce, matar Duke na Marlborough, wani basaraken Ingila, kuma Giovanni Boldini ne ya zana ta a 1906. Wuyanta da hannayenta sun yi tsawon da ban taɓa ganin irinsa a jikin ɗan'adam ba. Shin kuskuren mai zanen ne? Me kuma ya sa masu hali irin waɗannan suke biyan kuɗi a zana su da fenti, alhali akwai kyamara a zamaninsu?

Amsa: Malama, idonki bai yaudare ki ba, domin wuyan ya zarce ƙima, yatsun ma haka, amma babu kuskure a ciki. Lokacin da Boldini ya yi wannan aiki yana da shekara 63, ya kuma shafe fiye da shekara 40 yana cin abinci da zanen fuskokin mutane. An haife shi a birnin Ferrara na Italiya a ƙarshen 1842, mahaifinsa ma mai zane ne, ya yi ƙuruciyar sana'arsa a Florence, sannan ya tare a Paris a 1871, inda ya zauna har rasuwarsa a 1931. Wanda yake shakkar ko ya san yadda jikin mutum yake, ya nemi zanen da ya yi wa mawaƙin Italiya Giuseppe Verdi a 1886, zai ga fuskar tsoho da babu wata gaɓa da ta kauce daga mazauninta. Saboda haka tsawon da kika gani da gangan aka sa shi, kuma wadda aka zana ta san da shi, ta karɓi zanen, ta riƙe shi shekara 40 kafin ta bayar da shi kyauta.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Boldini bai ƙirƙiro wuyan daga babu ba. Consuelo doguwa ce siririya, hotunan kyamara da aka ɗauke ta sun tabbatar da cewa tana da dogon wuya da ƙaramar fuska, kuma mutanen zamaninta da wuyan suke fara yabonta. Miƙewar da take da ita ma da wahala aka same ta, domin tun tana yarinya mahaifiyarta, Alva, takan sa a ɗaura mata sandar ƙarfe a gadon baya, a ɗaure ta a ƙugu da kafaɗa da goshi, ta yi karatu a haka don kada ta saba da ranƙwafawa. Abin da mai zanen ya yi shi ne irin abin da maroƙi yake yi a ƙofar fada: ya duba abin da aka san mutum da shi, ya ɗauke shi, ya kambama shi har ya rufe sauran. Maroƙin kirki ba ya ce wa gajere dogo, domin jama'a za su yi dariya, amma idan ya samu dogo sai ya kai shi har rimi. Ni a wurina wannan nau'i na zane kirari ne da aka yi da fenti, kuma da ma'aunin kirari ya kamata a auna shi.

Akwai kuma tsohuwar al'ada a bayan wannan miƙa jiki. Idan aka auna tsawon baligi da tsawon kansa, yawanci ana samun kai bakwai da rabi, amma masu zanen sarakuna a Turai sun daɗe suna ƙanƙanta kai, su ƙara tsawon wuya da ƙafa da yatsu har jikin ya kai kai takwas ko tara, saboda ido yana ɗaukar hakan a matsayin alamar asali da rashin aikin ƙarfi. Van Dyck, wanda ya zama mai zanen fadar Sarki Charles na Ɗaya a 1632, shi ne ya kafa wa manyan Ingila wannan siffa, masu zanen Ingila Gainsborough da Reynolds suka ci gaba da ita a ƙarni na 18. A Italiya kuwa, ƙasar Boldini, tun ƙarni na 16 Parmigianino ya yi wani zane na Maryama wanda har yau da dogon wuyanta ake kiransa. Sai kuma dalili na aiki: zanen da kike tambaya a kai yana da tsawon santimita 221 da faɗin santimita 170, an yi shi ne don a rataye shi a babban zaure, mai kallo yana tsaye a ƙasa yana ɗaga kai, kuma duk abin da aka kalla daga ƙasa yakan gajarce a ido. Wanda ya gan shi a fuskar waya, cikin tafin hannu, yana ganin ƙarin da aka yi ba tare da nisan da aka yi ƙarin dominsa ba.

Batun kyamara yana da amsa gajera da kuma doguwa. Gajerar ita ce, hoton wancan lokaci ƙarami ne, baƙi da fari, kuma hoto mai launi bai fara yaɗuwa a kasuwa ba sai 1907, lokacin da 'yan gidan Lumière na Faransa suka fara sayar da nasu, shi ma a kan gilashi. Sannan hoto ya riga ya yi arha, domin a 1900 kamfanin Kodak ya fito da kyamarar Brownie a kan dala 1, kuma abin da kowane magatakarda zai iya mallaka ba ya bambanta mai sarauta da talaka. Cikakken zane daga hannun John Singer Sargent, wanda ya fi kowa kasuwa a Landan a shekarun nan, yakan kai fam 1,050, kuɗin da ma'aikacin gona a Ingila zai yi shekaru masu yawa bai tara ba. Doguwar amsar kuwa tana cikin tarihin matar kanta, kuma sai an bi shi kafin a gane abin da zanen yake faɗa.

An haifi Consuelo a New York a 1877, shekarar da kakan mahaifinta, Cornelius Vanderbilt, ya rasu ya bar dukiya ta kusan dala miliyan 100 da ya tara daga jiragen ruwa da layin dogo. Gidansu yana da kuɗi amma ba shi da tsohon suna, kuma mahaifiyarta ta ƙudurta cewa da auren 'yarta za ta sayo sunan. A ɗaya gefen teku kuma akwai masu suna da kuɗinsu ya ƙare. Manyan Ingila da hayar gonaki suke rayuwa, sai ga shi daga shekarun 1870 alkama mai arha ta fara kwararowa daga filayen Amurka, farashin hatsi ya faɗi, hayar gona ta bi shi, sannan a 1894 gwamnati ta ɗora sabon haraji a kan gado. Abin lura a nan shi ne, jiragen ƙasa irin na gidan Vanderbilt suna cikin masu jigilar alkamar nan zuwa bakin teku, wato hanyar da ta talauta angon ita ce ta azurta amaryar.

Gidan Marlborough ya ji jiki fiye da yawancinsu, domin fadarsu ta Blenheim, kusa da Oxford, wadda aka fara ginawa a 1705 a matsayin tukuicin ƙasa ga John Churchill bayan nasararsa a yaƙin Blenheim na 1704, ta fi ƙarfin abin da gonakinta suke samarwa. Kakan angon da mahaifinsa sun riga sun sayar da duwatsu masu daraja na gidan da ɗakin karatunsa, suka kuma taɓa zane-zanen da ke bango: a 1885 gidan zane na ƙasa da ke Landan ya sayi wani aikin Raphael daga hannunsu a kan fam 70,000, da zanen Van Dyck na Sarki Charles bisa doki a kan fam 17,500. Charles Spencer-Churchill, wanda ya gaji sarautar a 1892 a matsayin Duke na tara, bangon da aka kwashe ya tarar da rufin da ke neman gyara. Sarautar Duke kuwa ita ce mafi girma a Birtaniya in an cire gidan sarki.

An ɗaura auren ranar 6 ga Nuwamba, 1895, a cocin St Thomas da ke New York, amarya tana da shekara 18. Auren dole ne a cikakkiyar ma'anarsa, domin tana da wanda take so, Winthrop Rutherfurd, mahaifiyarta ta kulle ta a gida ta raba su, kuma bayan shekara 31 uwar da bakinta ta shaida a gaban kotun cocin Katolika cewa ita ta tilasta mata. A al'adarsu uban amarya ne yake biya, abin da ya fi kama da gara da kayan ɗaki a wurinmu, sai dai nasu a rubuce yake a hannun lauyoyi. Angon ya samu hannun jari na dala miliyan 2.5 a kamfanin layin dogo na Beech Creek, da tabbacin ribar kashi 4 cikin 100 kowace shekara, wato dala 100,000, ban da abin da uban ya ci gaba da kashewa, har da katafaren gidan da aka gina musu a Landan mai suna Sunderland House.

Abin da gidan Marlborough yake nema daga gare ta bayan kuɗi shi ne magaji. A tsarin manyan Ingila ba a raba gado yadda muka sani, babban ɗa namiji ne yake ɗauke sarauta da fada da gonaki gaba ɗaya, idan kuma babu ɗa sai su koma ga namiji mafi kusa a dangi. A 1895 wannan namiji shi ne Winston Churchill, ɗan ƙanin mahaifin Duke, wanda shi ma uwarsa Ba'amurkiya ce. Consuelo ta haifi John a 1897, ta haifi Ivor a 1898, kuma Ivor ne yaron da kika gani a zanen. Bari in ɗan ratse, domin gidan nan ya taɓa tarihinmu: mijinta shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya daga 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, zuwa 1905, Winston ya karɓe shi a kujerar, kuma yana kanta aka yi yaƙin Satiru a 1906, shekarar da Boldini yake zana wannan baƙar riga a Paris.

Yanzu sai mu zo kan abin da nake ganin ya fi komai amfani ga mai son fahimtar zanen, wato a ajiye shi kusa da wani zanen da aka yi wa matar nan shekara guda kafinsa. A 1905 Duke ya sa Sargent ya zana iyalin gaba ɗaya, a kan yadi da tsawonsa ya haura mita 3, don a rataye shi a ɗaki guda da zanen da Reynolds ya yi wa Duke na huɗu da iyalinsa a shekarun 1770. Har yau yana Blenheim. A cikinsa Duke yana sanye da alkyabbar babbar lambar girma ta Garter, a sama akwai gunkin kan John Churchill da tutocin yaƙi, a ƙasa akwai ƙananan karnukan da aka san gidan da kiwonsu, ita kuma Consuelo tana tsaye a tsakiya da babban ɗanta a gabanta, kamar mai miƙa shi ga tarihi. Ivor yana gefe. Rigarta baƙa ce mai faɗin hannu, an ɗauko ɗinkinta daga wani zanen Van Dyck, don ta yi kama da matan da suka riga ta shiga gidan da shekara 200 ko fiye.

Akwai wata dabara a zanen Sargent da nake son nuna wa ɗalibai. Consuelo ta fi mijinta tsawo sosai, abin da ba a so a gani a zanen da aka yi don ɗaukaka maigida, kuma rage mata tsawo zai zama ƙaryar da duk wanda ya san su zai gane. Sai Sargent ya tsayar da ita a kan matakala, Duke yana ƙasa da ita, ta yadda mai kallo zai ɗora bambancin a kan matakalar. Wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu a aikace, domin kyamara tana ɗaukar abin da ke gabanta, shi kuwa mai zane yana iya shirya gaskiya yadda za ta zauna daidai da martabar gida. Zanen 1905 shaida ce da aka kafa a bango cewa jikanyar mai jiragen ƙasa ta shiga jerin matan Marlborough, ta kuma sauke nauyin da aka auro ta dominsa. Kirarin gida ne, ita kuwa baiti ɗaya ce a cikinsa.

A zanen Boldini duk waɗannan kaya sun ɓace. Babu miji, babu magaji, babu tuta ko gunkin kaka, babu ma wani abu da zai gaya miki cewa akwai wata fada mai suna Blenheim. Mace ce zaune a bakin doguwar kujera irin ta Faransa, ta murɗa jiki kamar wadda aka kira ta juyo, ta dafa kujerar da hannu guda, yatsun a baje, ɗanta na biyu, wanda ba zai gaji komai na sarauta ba, ya kwanto a jikinta yadda yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yake yi idan ya gaji da zama. A zanen Sargent kowa a tsaye yake cak, kamar an kafa shi don ya dawwama, a nan kuwa babu layi ɗaya da yake a miƙe: kafaɗa ta karkata, riga tana zubowa, bayan ɗakin ma da 'yan shafe-shafen burushi aka nuna shi. Dogon wuyan shi ne ginshiƙin da ya riƙe wannan motsi duka, domin daga baƙin rigar ido yake hawa ta kansa har ya isa fuska, kuma da an gajarta shi zuwa ƙimar da Allah ya halitta, da tsarin zanen ya rushe, ya zama hoton wata mata da ke zaune a karkace.

A ƙarshen shekarar da aka yi zanen, 1906, Consuelo da mijinta suka rabu, kowa ya kama gidansa, ko da yake saki na shari'a bai tabbata ba sai 1921. Saboda haka mutane da yawa sukan kalli zanen su ce ga baƙin ciki a idonta, ga baƙar riga ta makoki, ga uwa ta rungume ɗanta don ta san abin da ke tafe. Ina jan hankalinki da ki yi taka-tsantsan da irin wannan karatu, domin wanda ya riga ya san ƙarshen labari yakan gan shi a kowace fuska. Baƙar riga ado ce ta manyan mata a Paris a lokacin, Boldini ya zana mata da yawa a cikinta, kuma murɗa jikin nan hannunsa ne, yana yi wa mai farin ciki da mai baƙin ciki. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne abin da aka zaɓa a saka da abin da aka bari a waje, da kuma inda kowane zane ya ƙare: na Sargent ya zauna a gidan miji, na Boldini ya bi matar.

Game da yadda aka yi aikin, fentin mai garin launi ne da aka niƙa a cikin man da ake tatsa daga irin tsiron lilin, a shafa shi a kan yadin lilin mai kauri da aka ɗaure a firam na katako, aka kuma yi masa shimfiɗar farin fenti tukuna. Wannan mai ba ya bushewa kamar ruwa, iskar da yake sha ce take daskarar da shi sannu a hankali, shi ya sa yakan yi kwanaki yana ɗanye, kuma wannan jinkiri ne yake bai wa mai zane damar narkar da launi cikin launi a kan fata har a rasa inda haske ya ƙare inuwa ta fara. Idan kika samu hoton zanen mai kyau, ki faɗaɗa shi ki kwatanta fuskar da gefen rigar. Fuskar an yi ta da haƙuri, da ƙananan burushi, an bi ƙashin kunci da gefen hanci a tsanake. Rigar kuwa da dogayen ja aka yi ta, da fentin da aka tsinka, hannu yana tafiya tun daga kafaɗa, wasu layukan ma sun fita daga jikin rigar sun shiga iska. Saurin da ake gani a irin wannan aiki yawanci na ƙarshe ne kawai, domin a ƙarƙashinsa akwai zama da yawa da mai hoton ta yi a ɗakin aiki, da gogewa da sakewa, kuma idan aka haska tsofaffin zane-zane da na'urar ɗaukar hoton ƙashi akan ga hannu ko kafaɗa da aka sauya wa wuri, saboda farin fentin wancan zamani da dalma ake yin sa, ita kuwa dalma tana tare hasken na'urar.

Baƙi shi ne launin da ya fi wuyar sarrafawa a wannan sana'a, kuma a nan ake gane gwani. Baƙin da suke amfani da shi daga ƙonannen ƙashi ko hauren giwa ake samunsa, yana da jinkirin bushewa, kuma idan aka shafa shi shi kaɗai sai ya zama rami a jikin zane, ba tudu ba kwari. Mai zane yakan karya shi da shuɗi a inda yadi ya fuskanci taga, da ja ko ruwan ƙasa a cikin lanƙwasa, sannan ya ɗora siraran layukan toka-toka a inda siliki ya kama haske, kamar yadda shuni da aka buga da kyau yake baƙi daga nesa amma yana walƙiya idan an matso. Boldini da Sargent duka sun koyi wannan daga kallon ayyukan Velázquez na Sifaniya da Frans Hals na Holan. Sun kuma san juna sosai, har ma ɗakin aikin da Boldini ya zauna a ciki a titin Berthier na Paris, Sargent ne ya bar shi lokacin da ya koma Landan bayan surutun da zanensa na wata matar attajiri ya jawo a 1884. Abin da zan ƙara shi ne, baƙaƙen wurare ne suka fi cutuwa da tsufa, domin man ƙaro da ake shafawa a saman zane don ya yi ƙyalli yana komawa rawaya yana dushewa da shekaru, hoton waya kuma yana haɗiye ɗan bambancin da ya rage, don haka rigar da kike gani kamar baƙi ɗaya tana da launuka da dama a gaban ido.

Idan kika tambaye ni ra'ayina a kan darajar aikin, zan ce Boldini gwani ne mai aibi guda babba, wato matansa suna kama da juna. Wuyan nan da yatsun nan da murɗa ƙugun nan ya ba wa mata da yawa, Faransawa da Italiyawa da 'yan Kudancin Amurka da suka zo Paris da kuɗinsu, har da Gladys Deacon, ƙawar Consuelo wadda daga baya ta aure mijin nata a 1921. Maroƙin da yake da waƙa ɗaya yana sauya suna kawai, komai daɗin muryarsa, ba a sa shi sahu ɗaya da wanda yake yi wa kowa tasa. Sargent ya fi shi iya ganin mutum, ko da yake a zanen Blenheim an ɗaure masa hannu da buƙatun gida. Abin da ya fitar da zanen 1906 daga cikin sauran ayyukan Boldini, a ganina, shi ne yaron. Nauyin jikinsa na gaske ne, gajiyarsa ta gaske ce, kuma saboda shi ne uwar ta zama mutum mai ɗa, ba siffar ado kaɗai ba. Sannan a wannan karon salon mai zanen ya haɗu da macen da da ma haka aka halicce ta, ƙarin da ya yi bai yi nisa da asali ba kamar yadda yake yi a kan wasu.

Zamanin irin wannan zane bai daɗe ba bayan haka. Wajen 1907 Sargent ya gaji ya daina karɓar aikin zanen manya da fenti sai nadiran, ya koma yi musu na gawayi a zama ɗaya, Philip de László, mutumin Hangare da ya tare a Landan a shekarar, ya gaji yawancin kasuwarsa. A Paris kuwa matasa irin su Matisse da Picasso sun riga sun juya akalar zane zuwa wata hanya, yaƙin 1914 kuma ya kashe magada da yawa, haraji ya cinye gidajen da ake rataye irin waɗannan ayyuka.

Ita Consuelo ta yi rayuwa mai tsawo bayan zanen. Ta buɗe gidan taimakon matan fursunoni a Landan, ta goyi bayan bai wa mata 'yancin zaɓe, ta zama 'yar majalisar gundumar Landan a 1917. A 1921 ta auri Jacques Balsan, Bafaranshe matuƙin jirgin sama, a 1926 cocin Katolika ta warware auren farko bisa hujjar tilas, a 1940 kuma ita da mijinta suka bar Faransa zuwa Amurka saboda mamayar Jamus. A 1946 ta bai wa gidan tarihi na Metropolitan zanen, a birnin da aka haife ta aka kuma ɗaura mata aure, shi ya sa takardar da ke jikinsa take ɗauke da sunanta na ƙarshe, Consuelo Vanderbilt Balsan. Ivor ya rasu a 1956. Ita ta rasu a Amurka ranar 6 ga Disamba, 1964, tana da shekara 87, aka ɗauko gawarta zuwa Ingila aka binne ta a maƙabartar cocin ƙauyen Bladon, a gefen filin Blenheim, kusa da kabarin yaron da ya jingina da ita a zanen.